Turaren da Ya Kusa Kore Min Likita

Masu karatu, na san dariya ba makawa sai kun yi min ita, amma ku daure ku bari in kai ƙarshe tukuna. Ni ce Auta, 'yar mai haɗa turare, wadda ta yi rarrafe a tsakanin kwalabe. Kuma ni ce turaren da na haɗa da hannuna ya kusa kore min mutumin da nake so, ina tsaye ina murmushi ban sani ba.

Shagon Ummata yana bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗinkin labule. Ɗan ƙarami ne, kantoci na gilashi a jikin bango da teburi ɗaya. Bayan labule kuma nan muke haɗi, ga manyan kwalaben mai masu duhu, ga sirinji da mazurari, ga jarkar sifirit, ga gwangwanin 'ya'yan kofi da Umma ke shaƙa idan hancinta ya gaji. Sai Manaja. Manaja kyanwa ce fara mai baƙin kunne ɗaya, ita a ganinta shagon nata ne, mu 'yan aiki ne ta ɗauka.

Duk wadda ta taɓa sayayya a wurinmu ta san dokar Umma: ba a ba ki kwalba daga shaƙar farko. Za ta fesa miki a wuyan hannu ta ce, "Je ki gama cefanenki ki dawo." In kika yi gardama ta ja miki kujera ta fara karatu. Wai turare kamar baƙo yake, yana da sallama, yana da hira, yana da abin da yake bari a ɗaki bayan ya tafi. Sallama hayaniya ce kawai, in ji ta, kowane turaren banza ya iya ta. Na ji karatun nan har na haddace, ina ma iya yinsa da muryarta in ba ta kusa.

Bara na haɗa nawa na farko. Na sha wahalarsa, na zubar da wanda ya lalace har Umma ta fara ɓoye min man wardi. Amma da ya tashi fitowa, ya fito. Kina fesawa tuffa ce za ta fara yi miki tsalle, da ɓawon lemun zaƙi, da wani ɗan tsami-tsami kamar an fasa jan inibi, ga kaifin sifirit a kansu. In kin ɗan jima duk wannan ya lafa, wardi da yasmin su taso a hankali, zaƙin ya koma na fure. Can daga baya kuma sai ya kwanta ya zama hoda, banila da farin almiski da ɗan sandal, irin ƙamshin wuyan jaririn da aka yi wa wanka aka shafe shi da hoda. Umma ta sa shi a hannunta da safe, ta wuni da shi har yamma, sannan ta tashi ta share masa wuri a kantar sama. Ban ma sa masa suna ba, masu saye ne suka riƙa cewa "a ba ni na Auta", sunan ya zauna.

Ni dai, Allah ya sani, sallamar nan tasa nake mutuwar so. Tuffar nan da ke tsalle ita ce ke sa ni jin ni ma wata ce.

Manaja ce ta haɗa ni da Likita. Ta ture kwalba ta taka gilashin, na naɗe ta a tawul na ruga asibitin dabbobi da rigar aikina, ko hoda babu a fuskata balle turare. Na tarar da wani dogo mai tabarau, mai magana ƙasa-ƙasa. Kafin ya taɓa ƙafar sai da ya ba kyanwar haƙuri, wallahi, ya ce mata, "Yi haƙuri ranki ya daɗe, yanzu za mu gama." Ni kuwa ko kallon kirki ban samu ba sai da ya zo karɓar lambata, wai don bibiyar ciwo. Bibiyar ciwon nan ba ta ƙare ba. Manaja ta warke har tana haura katangar maƙwabta, shi kuwa kullum da safe sai saƙo ya shigo: "Maman Manaja, ya ƙafar mara lafiya?"

A waya Likita aku ne. Zai turo min hoton ɗan akuyar da ya ɗaure wa karaya, ya ba ni labarin wani aku da ke zagin mai gidansa, in yi ta dariya ni kaɗai har Umma ta leƙo ta ce ko aljanu ne. Da ya ce yana son ya zo gida ya gaida Umma, ranar ban iya auna mai daidai ba.

Na sa doguwar rigata ruwan zuma mai aikin zare a wuya, na yafa mayafi ruwan madara. Saƙonsa na shigowa, "Ga ni a ƙofa," na ɗauki na Auta na shiga fesawa, wuya, bayan kunne, mayafi, gaban riga. Na shinshina ban ji komai ba, na ƙara. Ku fahimce ni, wanda ya wuni a shagon turare hancinsa ya riga ya mutu kafin yamma. A gidanmu ko kwalba ce ta fashe sai mun taka gilashin muke sani. Na yi ta ƙarawa har sai da tuffar ta taɓo ni, sannan na fito falo ina taku ɗai-ɗai.

Ya miƙe ya gaishe ni, ya zauna. Kafin in zuba shayi idanunsa sun kaɗa sun yi ja, har da ƙwalla. A raina na ce, Allah sarki bawan Allah, ashe haka na shiga ransa!

"Likita, ka ji ƙamshin nan?" na ce ina wani sunkuyar da kai. "Ni na haɗa shi da hannuna. Shi ne na farko da Umma ta yarda ya hau kanta."

Ya buɗe baki, ya rufe, ya laluba aljihu ya zaro hankici.

"Ma sha Allah," ya ce, sai atishawa. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa. Na yi ta yi masa addu'a har na gaji na bari.

"Mura kake yi?"

"Gashin kyanwa ne, ina jin. Da su na wuni."

Shayinsa bai daina tururi ba ya tashi, wai yana da mara lafiya. Yana isa gida kuwa saƙo ya fara zubowa, dogo-dogo, mai daɗi, har da cewa rigar ta yi min kyau.

Haka aka yi a zuwa na biyu, haka a na uku. Ya shigo fes, in fito, ido ya yi ja, hankici ya fito, ya gudu. Tun yana zama a kujerar kusa da tebur har ya koma ta jikin taga. Sau da yawa zai gyara zama ya ce, "Dama akwai maganar da nake so in…" sai atishawa ta ƙwace sauran. Ni kuma da na ga yana nisa da ni sai na ce ƙila ƙamshin ne ba ya isa can, na ƙara yawan fesawa. Kun ji fa.

Yayata, wadda ke aure a bayan layinmu kuma ba ta wuce kwana biyu ba ta zo ta kwashi wani abu nawa da sunan aro ba, ita ta fara sa min shakka.

"Auta, anya mutumin nan ba mata gare shi a wani wuri ba? Wane irin saurayi ne kullum kamar an biyo shi?"

"Aiki ne ya yi masa yawa, Yaya."

"Aiki? Akuyoyin garin nan duk a ranar zuwansa suke karyewa?"

Abin da ya ƙarasa ɓata lamarin shi ne zuwansa na makon jiya. Ranar atishawar ba ta yi yawa ba, har na fara murna. Umma ta fito su gaisa, ta zauna tana ba shi labarin yadda ta fara sana'a da kwalba shida a kan tire. Labarin nan Umma ba ta ba kowa shi sai wanda take son ta ja a jiki. Tana tsakiyar bayani na ga kan Likita yana yin ƙasa, yana yin ƙasa, tabarau ya zamo kan hanci. Barci, jama'a. A gaban Ummata, har da ɗan minshari.

Umma ta dube shi, ta dube ni, ta tattara mayafinta ta shige ciki. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Sai washegari a shago, tana cika ƙananan kwalabe da sirinji, ko kallona ba ta yi ba ta fara.

"Auta, ni ba zan zaɓa miki miji ba, ke ba yarinya ba ce. Amma falona ba tashar mota ba ne. Mutum ya zo ya tashi kamar an tsikare shi, in ya zauna kuma ya yi min barci ina magana?"

"Umma, wallahi a waya ba haka yake ba."

"To ki auri wayar. Kawunki ya dame ni da zancen ɗan abokinsa mai sayar da tayil, kullum ina ce masa akwai wani. Wane wani? Wanda har yau bai buɗe baki ya ce ga abin da ke kawo shi ba?" Ta toshe kwalba ta ajiye da ƙarfi. "Asabar ɗin nan in ya zo ya tashi kafin shayi ya huce, ko ya rufe min ido, kada ya ƙara tako min gida. In ce wa Kawunki ya turo nasa ku ga juna."

Tun rasuwar Abba, maganar Umma in ta fita ba ta komawa. Na shige bayan labule na yi kukana a gaban jarkar sifirit, Manaja na kallona kamar na ɓata mata lokaci. Mai tayil ɗin na taɓa ganinsa, ba shi da laifi, amma duk hirarsa santsi da rashin santsi ce. Ni Likita nake so. Ina son yadda yake ba dabba haƙuri, ina son muryarsa, har tabaran nan da ke zamowa ina so.

Na rubuta masa: "Ran Asabar don Allah ka zo da niyyar zama. Kuma ka yi barcinka a gida."

Ya amsa: "In sha Allah. Ko me zai faru ba zan tashi ba." Ya sa hoton fuskar nan mai gumi. Ban gane me gumin yake nufi ba.

Asabar ta zo. Tun da rana na goge falo, na canza rigunan kujeru zuwa masu ruwan toka, na jera kofunan baƙi masu bakin zinariya, na yanka kek. Na sa riga shuɗiya mai faɗin hannu da ɗankunnen Yaya, wanda ni ma na ara don in rama. Yaya ta zo da kanta, wai ta zo kallon ƙarshen wasa.

Bayan la'asar saƙo ya shigo: "Na taso, na kusa."

Na tashi na yi wanka da na Auta kamar yadda na saba, har Yaya da ke kwance a gadona ta yi tari ta ce, "Ke, sauro kike kashewa?" Ban kula ta ba. Na fito falo na zauna, na gyara mayafi.

Sai wani saƙon: "Ki yi haƙuri don Allah. An kira ni wata gona, saniya ce ta kasa haihuwa, ɗan ya juye. In ban je ba za a rasa su duka. Zan zo, ko me dare."

Na karanta na sake karantawa. Yau ɗin? Yau da Umma ta kafa min sharaɗi saniya ta ga damar naƙuda? Yaya ta leƙa wayar ta kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Yau kuma saniya ce? An ci gaba, an bar akuya."

Umma daga ɗakinta ta ce, "Ya fasa ko?"

"Yana zuwa, Umma."

"Uhm," kawai ta ce, kuma na san fassarar wannan uhm ɗin.

Na zauna a falon nan kamar an dasa ni. Shayi ya huce na mayar kan wuta. Yaya ta gaji da tsokanata ta ce maigidanta ya kusa dawowa, ta shiga ɗakina ta ɗauko jakarta ta tafi. Rana ta sauko daga kan labule zuwa kan kafet. Don haushi da rashin abin yi na ɗauko 'ya'yan kofin da ke kicin na shaƙa, na kai wuyan hannuna hanci. Tuffar ta tafi, lemun ya tafi, wardi ne da yasmin suke ta hirarsu a hankali. Rabon da in zauna in saurari turaren nan a jikina tun ina haɗa shi, kullum ina cikin sauri. Da aka jima na sake shinshinawa, furen ma ya fara ja da baya, hodar ta fito, mai laushi, mai ɗumi. Na ce a raina, ga shi duk kwalliyar ta tafi a banza, abin da ya rage ko daga nan zuwa taga ba zai kai ba.

Ana fitowa daga sallar magariba wayata ta yi ƙara: "Ga ni a ƙofa."

Na zabura na yi ɗaki in sabunta fesawa. Kan madubi wayam. Na duba durowa, na ɗaga filo, na leƙa ƙarƙashin gado. Sai ga saƙon Yaya: "Na ari turarenki, gobe muna da taron iyaye a makarantar ɗana Ƙarami." Har da hoton zuciya ta sa min! Na tsaya a tsakar ɗaki ina jin kamar in yi ihu. Sauran kwalaben gidan suna durowar Umma mai makulli, kuma a yanayin da take ciki ko allura ba zan iya roƙonta ba.

Haka na fito, ba ƙarin turare.

Yana tsaye da farar riga mai guga, da alama sai da ya koma gida ya yi wanka, amma duk da haka akwai ɗan karce a bayan hannunsa. Hankicinsa na riƙe a hannu tun kafin ya zauna. Ya nufi kujerar taga, ya zauna a bakin-bakinta, ya ɗan runtse ido kamar mai jiran allura.

Na zuba shayi. Shiru. Ya buɗe ido ɗaya, ya ja numfashi kaɗan, ya sake ja da ɗan ƙarfi. Ba atishawa.

"Ya saniyar?" na ce, fuskata a ɗaure.

"Ta haihu. Mace ta haifa, tana tsaye ma har ta fara tsotso." Ya sake jan numfashi, ya dubi hankicin kamar bai san me ya kawo shi hannunsa ba, ya mayar da shi aljihu.

Daga nan bakin Likita ya buɗe. Ya ba ni labarin yadda mai gonar ya yi ta kuka ya fi saniyar, yadda 'yar maraƙar ta fito da ƙafar baya, yadda uwar ta taka masa hannu a madadin godiya. Tun ina cin magani har dariya ta ƙwace min. Ya shanye shayinsa ya miƙo kofi na ƙara masa. Ya ci kek. Ban san lokacin da ya baro taga ya dawo kujerar kusa da tebur ba. Wannan shi ne mutumin cikin wayata, yau ga shi a falonmu da ƙafafunsa. Ta ƙasan labulen ɗakin Umma kuwa ina hango yatsun ƙafarta.

Can ya ajiye kofi ya ce, "Na gode da kika canza turare."

"Ban canza ba."

"Kin canza mana. Wannan ai…" ya ɗan lumshe ido, "wannan kamar in an buɗe akwatin mayafan mahaifiyata. Mutum ya ji yana son ya zauna. Wancan kuwa…" Sai ya kama gyaran tabarau.

"Wancan me?"

"Babu komai. Yana da kyau shi ma."

"Likita, wancan me?"

Ya dubi ƙofa, ya dubi silin, ya ga ba mafita. "Wancan yana shiga hancina kamar barkono. Tun ranar farko. Amma kin ce ke kika haɗa, kina faɗa idonki na haske, ta yaya zan ce miki shi ke kora ta? Ran nan har ƙwayar maganin atishawa na sha kafin in zo, ita ce ta sa ni barci a gaban Umma. Wallahi kwana na yi ina jin kunya."

Labule ya yaye. Umma ta fito ko kunyar laɓen da ta yi ba ta ji ba.

"Ke Auta. Yaushe kike fesa turaren in zai zo?"

Na yi tsuru-tsuru. "In ya ce ya iso ƙofa."

"In ya iso ƙofa." Ta maimaita a hankali. "Sau nawa?"

"Har sai na ji shi."

"Har sai kin ji shi! Da wannan mataccen hancin da ya wuni a shago?" Ta tafa hannu ta riƙe haɓa. "Yau ni na ga ta kaina. Matan gari ina koya musu su zagaya kasuwa su dawo, ashe a cikin gidana 'yata tana yi wa ɗan mutane feshin maganin ƙwari! Ni kuma ina nan ina cewa yaro ba shi da ladabi."

Likita ya miƙe yana cewa, "Umma, ku yi haƙuri, laifina ne da ban faɗa ba."

"Zauna, ɗana. Ba a gama ba."

Umma ba ta yarda da magana sai ta gwada. Ta shiga ta buɗe durowarta, ta fito da kwalbar na Auta da siririyar takardar gwaji. Ta fesa sau ɗaya ta miƙa masa. Ko hancinsa ba ta kai ba ya saki atishawar da ta sa Manaja, wadda muke tahowa da ita gida ran Asabar, ta yi tsalle daga kan kujera. Umma ta gyaɗa kai. Ta koma ta ɗauko wani ɗan farin ƙyalle mai bakin shuɗi da ta fesa wa na Auta tun safe ta rataye, kamar yadda take yi wa kowane haɗi. Ya karɓa da tsoro, ya shinshina, ya sake shinshinawa, sai murmushi.

"Ka ji," in ji Umma. "Sifirit ne da ɓawon lemu ba ka shiri da su, kuma su ne masu saurin tashi. Duk zuwan da kake yi, sallama kawai ake ba ka, ba ka taɓa kaiwa hira ba. Tafi da ƙyallen nan ka kwana da shi a ɗaki, in bai dame ka ba ka gaya min." Ta juyo kaina ta watsa min harara. "Ke kuma daga yau tun azahar za ki fesa, sau biyu, in kin ƙara in karya hannun."

Ta juya za ta koma ciki, Likita ya yi gyaran murya.

"Umma, dama akwai maganar da na daɗe ina ɗauke da ita, duk ranar da na ɗauko ta sai atishawa ta riga ni." Ya sunkuyar da kai. "Ina son Auta. In kun amince, ina so in kawo iyayena."

Na ja mayafi na rufe fuskata, zuciyata kamar ta fito ta yi rawa a kan tebur. Umma ta ƙare masa kallo. Sannan ta ɗauki wuƙa ta yanko kek mai kauri, irin yankan da ko Kawu ba ya samu, ta ɗora masa a faranti.

"Ci tukuna," ta ce. "Ka kawo su. Mai tayil kuma Allah ya ba shi mai son tayil."

Yaya da ta ji labari cewa ta yi ita ta haɗa auren nan, saboda haka kwalbar ta zama tata.

To, da na so in tsaya a nan, amma yau da safe ina buɗe shago saƙo ya shigo.

"Maman Manaja, ƙyallen bai dame ni ba. Amma mahaifiyata ta gan shi a kan tebur ta ɗauke. Ta shinshina ta daɗe, ta ce tana son ta ga hannun da ya haɗa wannan kafin a yi maganar komai. Yau za ta zo shagonku. Ta ce kada in kwatanta miki ita, kuma ba za ta faɗi ko wace ce ba."

Jama'a, tun safe duk dattijuwar da ta shigo sai na durƙusa mata har ƙasa. Wata da ta zo tambayar inda ake gyaran waya har kujera na ba ta da ruwan sanyi. Umma na bayan labule tana dariyar mugunta.

Ɗazu kuma wata doguwa mai tabarau ta shigo, da mayafi ruwan ƙasa da jaka baƙa. Ba ta kalli kantoci ba. Sai ta fara duban Manaja, ta ce mata, "Sannu ranki ya daɗe." Irin maganar Likita sak. Sannan ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi, ta ɗage hannun rigarta ta miƙo min wuyan hannu.

"Fesa min na Auta a nan, 'yata. Sau ɗaya."

Na fesa mata sau ɗaya. Na buɗe baki zan fara karatun Umma, ta ɗaga min yatsa.

"Na sani. Ni ba na yanke hukunci a kan shaƙar farko, ko a turare ko a mutum. Zan zagaya in dawo."

Da ta juya, na hango bakin farin ƙyallen nan mai shuɗi yana leƙowa daga zif ɗin jakarta. Ga ni nan zaune a bayan tebur ina rubuto muku wannan, Manaja a cinyata, idona a kan ƙofa. A lissafina, yanzu tuffar ta gama tashi daga hannunta, wardi ya fara magana.